Shekarar Ƙullutu a Lambun Baba Ilu

Ku yaran yanzu kuna ba ni mamaki. Yaro zai tsaya a kaina ina auren itace, hannunsa a aljihu, ya ga na yanka nan, na yanka can, na ɗaure da leda, sai ya ce, "Ashe ma iyakar aikin ke nan? Baba Sallau, ba ni wuƙar in ƙarasa maka." Nakan ba shi kuwa, ba na gardama. Idan an kwana biyu sai in aika a kira mini shi ya zo ya kwashe busassun karan da ya ɗaura wa aure. To, tunda kun ce aikin ba wuya, ku zauna in ba ku labarin shekarar da ni da maigidana muka tsaya baki buɗe a gaban itacen da muke taƙama mun sani ciki da waje.

Ni ba ɗan lambu ba ne tun asali. Yaron mota ne, daga ƙasar Konni na biyo motar albasa zuwa Wagadugu. Motar ta lalace a nan, direba ya tafi neman kayan gyara, ya bar ni a Zango gidan Alhaji Mamman mai goro, wanda kakanninsa suka zauna a garin tun zamanin fatauci. Da zaman ya yi tsawo, Alhaji ya ga ina cin tuwo ba na komai, sai ya kama hannuna ya kai ni bakin baraji, wato madatsar ruwan gari, ya danƙa ni ga wani dattijo mai renon dashe, Baba Ilu. Lokacin da motar ta tashi ban bi ta ba.

Na yi shekaru a lambun nan ban taɓa wuƙa ba. Aikina ɗaukar arozuwar, butar ban ruwan nan ta ƙarfe, biyu biyu daga bakin ruwa zuwa kwami, safe da yamma. Sai haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, sai cika leda har farce ya ƙare. Idan na cika leda ta yi tauri, Baba Ilu ya taɓa ta da ɗan yatsa ya ce, "Bulo kake bugawa ne?" Idan ta yi sako-sako ya zazzage ta a ƙafata ya wuce. Ranar da ya fara miƙo mini wuƙa, ba itace ya ba ni ba. Tarin karan dalbejiya ya ajiye a gabana, ya ce in yi ta fiƙe su har sai yankana ya fita sumul da ja ɗaya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Wuƙa ƙarama mai kaifi gefe ɗaya, dutsen wasa ta, almakashin reshe da muke kira sikatar, da leda da ake yankawa siri-siri don ɗauri. Shi auren itace kuwa, ga yadda yake. Kana da gindi, tsiron gida mai jure ƙishirwa da wahala amma 'ya'yansa ba su da daɗi. Kana da reshe daga itace mai kyawun 'ya'ya amma rago. Sai ka tsaga gindin, ka fiƙe reshen, ka zura, yadda ɗanyen koren nan da ke ƙarƙashin ɓawo na wannan zai haɗu da na wancan. Idan suka saɓa ko da kaurin farce ne, ka yi aikin banza. Idan ka taɓa yankan da yatsa mai gumi, ka yi aikin banza. Idan ka tsaya gaisawa da mai wucewa iska ta busar da shi, nan ma haka.

Akwai kuma abu ɗaya da Baba Ilu bai taɓa tsallakewa ba. Kafin kowane yanka sai ya yi bismilla, ya caka wuƙar cikin ƙasar da ke gefen ƙafarsa, ya zare, ya shafa ta a gwiwar wandonsa, sannan ya yanka. Ya ce haka ya samu maigidansa yana yi. Ƙasa tana cire danƙon itacen da ka gama yankawa, kuma ƙasa abu ce mai tsarki, tunda da ita ake taimama idan ruwa ya gagara. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa haka yake yi, Bahaushe ne ko Bamoshe ɗan ƙasar, har waɗanda ba su san taimama ba. Idan ka bi bakin barajin nan a lokacin, daga cakar wuƙa kaɗai za ka gane ɗan gidan Baba Ilu. Mun yi shekaru muna yi, dashe yana kamawa, babu wanda ya ga aibu.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Na tuna wata madam da ta sayi lemo mai aure, ta dawo tana zagi wai ya mutu. Da na bi ta gida na tarar da ruwan wanki ake ba shi, kumfa har wuyansa. Akwai masu gina manyan gidaje, su furen rozi suke so layi-layi, kuma ba sa tambayar komai sai launi. Akwai wanda zai sayi mangwaro yau ya dawo da kaka yana tambayar ina 'ya'ya. Amma duk wannan ƙari ne. Abin da ya riƙe lambun itace ɗaya ne.

Magarya ce. Ba magaryar daji da kuka sani mai 'ya'ya ƙanana ba. Wani ma'aikacin gandun daji ne ya kawo wa Baba Ilu reshe guda na wata irin magarya daga waje, ya aura shi a kan ta gida, ya kama. 'Ya'yanta kamar ƙwan kaza, ga zaƙi, ga ruwa, 'yan gari suna ce musu pom. A duk bakin barajin ita kaɗai ce, kuma daga jikinta muke yanko duk reshen da muke aurarwa. Daga unguwar Gounghin ake zuwa, daga unguwar Cissin ake zuwa, har daga ƙauyuka da amalanke. Baba Ilu Uwa yake ce mata. A inuwarta muke zama mu yi aiki, a nan muke cin abinci, a nan muke sallar azahar. Idan Uwa ta tafi ba a bar mata baya ba, lambun ya tafi, irin ma ya ɓace mana, don waɗanda muka sayar sun watse a hannun mutane, ba mu san wadda ta rayu ba.

Shekarar da aka rushe wani ɓangare na unguwar Peuloghin, mutane suna kwashe kwano da ƙofofi, wata Hajiya Ramatu ita furanninta ta tono. Ta kawo su a amalanke da ƙasarsu jingim, ta ce marigayi mijinta ne ya dasa, Baba ya riƙe mata amana har ta samu wurin zama, in da hali ya yawaita su. Da muke saukewa na ga wasu ƙullutai a gindinsu, daidai inda kara ya shiga ƙasa, baƙaƙe masu kaushi. Na nuna wa Baba. Ya duba ya ce tsufa ne, ko kuma gara ta taɓa su. Ya sa wuƙa ya fere su tas, muka jefa a juji wurin taki. Ragowar ƙasar amalanken kuma, da yake jar ƙasa ce mai kyau, na baza ta a ƙarƙashin Uwa inda ruwa ya zaizaye, daidai wurin zamanmu.

Watanni suka wuce. Wata safiya ina kwance ledar wasu 'yan magarya da muka aurar, sai na ga wani abu fari-fari ya kumburo a bakin ɗaurin, mai laushi, kamar naman da ya tsiro a kan miki. Na ce ko warkewa ce ta yi yawa. Na kwance na gaba, haka. Na gaba, haka. Na bi layin har ƙarshe ina kwancewa. Na leƙa layin rozi, su ma haka. Na ƙwala wa Baba kira irin kiran da ban taɓa yi masa ba.

Ya zo ya tsuguna, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Sallau, tun da nake ban taɓa ganin wannan ba."

Ba abin da ba mu yi ba. Mun fere mun shafa toka. Mun shafa ruwan dalbejiya. Mun shafa kananzir, ya ƙone ɓawon ya bar ƙullutun. Wani ya kawo mana maganin tsutsar auduga mai warin tsiya, muka fesa har kanmu ya yi ciwo. Duk wanda ka fere, sai ya dawo ya fi na da girma, ya yi duhu, ya taurare, ya tsattsage. Dashen kuma ya tsaya cak, ganye ya yi rawaya, sabon toho ya ƙi fita. Maƙwabtanmu na lambu suka fara magana ƙasa-ƙasa, wasu su ce baki ne, wasu su ce an yi mana binne. Sai dai bakinsu ya mutu da abin ya fara bayyana a lambunan waɗanda suka ɗebi taki a jujinmu.

Wani malamin makaranta daga Gounghin ya zo da mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, ya sauke dashen da ya saya a gabanmu, ya ɗaga ɗaya da ƙullutu kamar dunƙulen hannu yana reto. Ya ce, "Tsoho, itace na saya ko dankali?" Baba Ilu, mutumin da ba a taɓa mayar masa da kaya ba, ya sunkuyar da kai yana ba shi haƙuri da Mosanci, yaren garin. Na ji kunya ranar kamar in nutse.

Amma ranar da gabana ya faɗi da gaske ita ce ranar da nake shara a gindin Uwa, tsintsiya ta ture ƙasa, na ga ƙullutu ya zagaye rabin gindinta, daidai inda fartanya ta taɓa sassabe ta. Na ɗaga kai. Duk ƙananan rassan da muka saba yankar reshe, kowane tabon yanka ya fitar da nasa. Na zauna a ƙasa daɓas, tsintsiyar na hannuna.

Alhaji Mamman yana da 'ya, Rakiya. Tana ƙarama ni nake goya ta a wuya in kai ta kallon ruwa. Ta yi karatun tsirrai, tana aiki a wani ɗakin bincike a bayan gari. Da abin ya fi ƙarfinmu, na naɗe ƙullutu biyu a tsumma na kai mata gida. Ta juya su a hannu, fuskarta ta canja. Ta ce, "Kawu, kada ku ƙara sayar da komai. Ba ni lokaci in duba." Da ta gama dubawa, da kanta ta zo lambun, ta durƙusa ta gaida Baba, ta zauna a kan bokiti.

Ta ce, "Baba, ba baki ba ne, ba gara ba ce. Wani mikrob ne, ƙwayar cuta da ido ba ya gani. A cikin ƙasa take zaune. Ba ta iya shiga itace mai lafiyayyen ɓawo, sai inda aka ji masa ciwo. Ruwan da ke fita daga yankan shi ke kiranta."

Baba ya ce, "To madalla, tunda an san ta. Wane magani ke kashe ta?"

Rakiya ta ce, "Nan ne matsalar. Ko an kashe ta, ƙullutun ba zai tsaya ba."

Na ce, "Kamar yaya? An kashe ɓarawo kuma a ce sata ba ta ƙare ba?"

Ta ce, "Bon, Kawu, bari in yi bayani a hankali. Jikin itace ɗakuna ne ƙanana ƙanana, ba iyaka. A cikin kowane ɗaki akwai gadon da itacen ya samu daga uwarsa, shi ne umarnin da yake bi: ka yi ganye kaza, ka yi ƙaya, ka yi 'ya'ya masu zaƙi, ka tsaya nan. Ita wannan ƙwayar ba cin itacen take yi kamar tsutsa ba. Mannewa take a bakin ciwon, ta yanko ɗan guntu daga nata gadon, ta zura shi cikin ɗakin, ya je ya haɗe da gadon itacen, ya zama nasa. Guntun nan abu biyu yake cewa. Na farko, ku yi ta haihuwa kada ku tsaya. Na biyu, ku dafa wani abinci wanda ita kaɗai ke iya ci. Shi ke nan. Ƙullutun da kuke gani ba jikin ƙwayar ba ne, Baba. Jikin magaryarka ne, da kanta take gina shi, tana ciyar da baƙuwar da ƙarfin da ya kamata ya tafi ga 'ya'ya."

Ni na san cuta tana cin abu, tana ruɓar da shi, tana busar da shi. Ban taɓa jin cutar da za ta shiga ta sauya wa abu halinsa na gado ba, ya koma yi mata bauta da hannunsa, ko tana raye ko ta mutu. Na kalli Uwa, itacen da na sha inuwarsa shekara da shekaru, na ji kamar ban san ta ba.

Baba ya ce, "La'ilaha illallahu. Abin da ido ba ya gani, shi ya san auren itace haka?"

Rakiya ta ce, "Ya riga mu sani, Baba. Kun ji audugar da ake ta magana a rediyo, wadda ake gwaji da ita, wai tsutsa ba ta cin ta? To da wannan ƙwayar aka yi ta. Masana sun cire mata guntun da ke sa ƙullutu, suka ɗora mata wanda suke so, ita kuma ta kai shi cikin audugar kamar yadda ta saba."

Na ce, "Wannan annobar? Ita ake aika?"

Ta ce, "Ita fa, Kawu."

Baba bai bi ta kan auduga ba. Ya ce, "Na gane da ƙasar Hajiya ta zo, tunda a furanninta muka fara ganin ƙullutu. Amma ƙasa a ƙasa take. Wa ya ɗauke ta ya kai ta bakin ɗauri? Wa ya hau da ita rassan Uwa?"

Rakiya ta ce ita ma abin da ya ɗaure mata kai ke nan, don ba ta taɓa ganin lambun da ya kamu gaba ɗaya haka ba. Ta roƙi Baba ya aurar da ɗaya a gabanta, yadda ya saba. Ya jawo leda, ya zaro wuƙa, ya yi bismilla, ya caka ta a ƙasa.

Rakiya ta miƙe zumbur, bokitin ya kife. Ta ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi! Baba, kullum haka kuke yi?"

"Kafin kowane yanka."

"Kowane ɗaya?"

Baba ya dube ta da mamaki. Ya ce, "Ke 'yar nan, ƙasa ce fa. Da ita muke taimama."

Ta sake durƙusawa, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Tsarkin sallah yana nan, Baba, ban taɓa shi ba. Amma ƙasar nan da ke gefen ƙafarka cike take da ƙwayar. Duk cakar da aka yi, an ɗebo ta ne a bakin wuƙa, an buɗe mata ciwo sabo, an saka ta ciki, an kuma ɗaure da leda don kada ta bushe."

Baba Ilu ya riƙe wuƙar yana kallon jar ƙasar da ta manne a bakinta. Ni kuwa lissafin hannuwa nake a zuciyata: nawa, nasa, da na duk waɗanda ya koyar a bakin barajin nan. Abin da muka ɗauka shi ne tsabtar aikin, shi ne ƙofar.

Rakiya ta ce dashen leda duka sai wuta, da furannin Hajiya, da juji. Uwa ma ba za ta tashi ba, ƙullutun zai shaƙe gindinta a hankali. Amma akwai dama ɗaya. Can ƙololuwa akwai rassan da wuƙa ba ta taɓa kaiwa ba. Mai yiwuwa suna da lafiya, ba ta yi alkawari ba. Idan aka samu sababbin gindi da suka tashi a ƙasa mai lafiya, aka yanko waɗannan rassan da ƙarfen da aka tsoma a ruwan jabel, bilic ɗin nan na wanki mai kashe ƙwayar cuta, watakila irin ya tsira.

Muka ƙone lambun. Ni na je na gaya wa Hajiya Ramatu, ta yi kuka, ta ce ita ta jawo mana, na ce ba wanda ya sani. Sannan na roƙi wani surukina a Cissin ya ba ni bayan gidansa. Na samo ƙasa daga nesa, na dafa ta a rabin ganga kamar mai suyar gyaɗa, maƙwabta suna leƙe suna dariya wai Bahaushe ya fara dafa ƙasa. Na fasa ƙwallon magaryar daji na shuka a sababbin leda. Sai jira. Tsiro ba ya sauri don kana sauri, kuma sai ya kai kaurin fensir ake aurar da shi. Duk wannan lokacin Uwa tana ja da baya. Reshe ya bushe yau, wani ya bushe gobe, bushewar tana hawa sama. Kowace safiya kafin in gaida Baba sai na ɗaga kai na duba ƙololuwa ko akwai sauran kore.

Da gindin suka isa, a farkon damina, abin da ya rage mai lafiya a saman Uwa bai cika hannu ɗaya ba. Na ce a yanko a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma a kai Cissin. Baba ya ce a'a. Shi bai taɓa aurar da 'ya'yan itace a bayan idon uwarsu ba, kuma shi zai yi da hannunsa, tunda shi ya fara. Rakiya ta so ta hana, ta ga fuskarsa, ta ce to, amma ledojin kada su sauka daga amalanke, kada komai ya taɓa ƙasa.

Ranar, masu lambun bakin baraji suka taru, don kowa ya ji labari. Na hau tsani da sikatar da aka jiƙa a jabel, na yanko rassan ɗaya ɗaya na sa a faranti. Baba ya zauna a kujerarsa 'yar tsugune kusa da amalanken, gwangwanin jabel a damansa, wuƙar a ciki. Na ɗora masa leda ta farko a kan tire a cinyarsa. Ya yi bismilla, ya zaro wuƙar daga gwangwani, ya yarfe, ya tsaga, ya fiƙe, ya zura, ya ɗaure. Ban taɓa ganin aure mai kyau irin wannan ba. Mutane suka ce madalla.

Na ɗora ta biyu. Wani tsohon abokinsa ya jefo masa wasa, Baba ya amsa yana murmushi, jikinsa ya saki. Ya yi bismilla, ya zaro wuƙar, sai na ga hannun ya sauka. Ya caka ta a ƙasa, ya zare, ya shafa a gwiwa, ya nufi reshen da ke hannunsa na hagu.

Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba.

Ku ba za ku gane ba, ku da kuke miƙa wa manya hannu kuna tsaye. A wancan lokacin yaro ko inuwar maigidansa ba ya takawa da gangan, balle ya riƙe masa hannu a gaban jama'a. Na ji wani ya ja salati a bayana. Baba ya ɗago ya kalle ni, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Sallau. Hannuna ka riƙe?"

Da kai na nuna masa wuƙar. Ya duba, ya ga ƙasa a gindin kaifin, ya duba ramin da ta bari a gefen ƙafarsa. Ya ce, "Ni na yi wannan? Yanzu?" Rakiya ta ce a hankali, "E, Baba." Wallahi bai san ya yi ba.

Na sake shi. Ya wanke wuƙar da kansa, ya mayar cikin gwangwani, muka jira. Ya ce wa jama'a kowa ya yi shiru. Ya tattara hankalinsa, ya yi bismilla da ƙarfi, ya zaro. Muna kallo hannun ya sake kama hanyar ƙasa. Wannan karon shi ya tsayar da shi, saura kaɗan bakin wuƙar ya taɓa. Hannun ya tsaya a nan.

Ya daɗe a haka. Sannan ya juya wuƙar, ya miƙo mini ita ta wajen ƙota. Ya ce, "Karɓi. Hannun nan ya daina jin maganata."

Na ce, "Baba, a sake gwadawa, ni zan riƙa miƙo maka."

Ya ce, "Rassa nawa suka rage da za a yi gwaji da su? Zauna."

Ya tashi ya ba ni kujerar. Ni ma hannuna ya san hanyar ƙasa, don haka na ce Rakiya ta shimfiɗa kwanon rufi a ƙarƙashin ƙafafuna, in ma na caka sai dai in ji ƙara. Na ji ta kuwa, ba sau ɗaya ba. Baba ya zauna a kan buhu, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zauna a kansu. Daga nan yake ba ni umarni da baki: zurfafa kaɗan, juya reshen, ɗaurin ya yi sako. Haka muka ƙare farantin. Da amalanken ya kama hanyar Cissin, muka sare Uwa, muka tono saiwarta, shi da kansa ya ƙyasta ashana.

Ba duka suka kama ba. Wasu sun bushe, biyu-uku sun fitar da ƙullutu na ƙone su tun suna ƙanana. Amma wasu sun yi toho lafiya lau, ɗauri sumul, kuma a cikinsu har da ta farkon nan, wadda Baba ya aurar da hannunsa. Ita ta fi duka ƙarfi. Ita na dasa a sabon lambu, kuma duk magaryar da kuka ga na sayar daga jikinta ta fito. Shi ya sa idan yaro ya zo koyon aiki wurina, kafin ya san sunan itace ɗaya sai ya san gwangwanin jabel, kuma a kan tebur muke aure, a tsaye.

Baba Ilu bai sake yanka itace ba. Idan mai saye ya ce lallai shi aikin tsoho yake so, sai ya nuna ni da haɓa. Yakan zo sabon lambun da hantsi, ya zagaya magaryar nan yana duba gindinta da rassanta, hannuwansa biyu a goye a baya. Na sha ce masa, "Baba, taɓawa ba ta komai, sai da ciwo take shiga." Sai ya ce ya sani. Shekarar da ta fara 'ya'ya, reshe ya sunkuyo har daidai fuskarsa, ya tsaya yana kallon wata nunanniya. Ya ce, "Sallau, zo ka tsinko mini wannan." Har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa ta da hannu ba.